Ajiya a Waya: Jawabi ga Ƙungiyoyin Adashen Mata na Sanyinna da Kewaye

   

Maganar yau ta asusun waya ce: yadda ake buɗe shi, da yadda za ki riƙe shi kuɗinki ba su salwanta ba. Na san a cikinmu akwai masu cewa su dai a bar su da ƙullin bakin zane. Ina girmama wannan magana, amma ku tuna farkon shekarar 2023. Babban Bankin Najeriya ya canza fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi a ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma suka yi wuyar gani. Mai ƙuli-ƙuli ta kasa kaya, mai saye ya zo da kuɗinsa cikin waya, ciniki ya gagara. A wasu wurare sai ka bar wa mai POS dubu ɗaya ko fiye kafin ya miƙo maka dubu goma. Sai a watan Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin. Tun daga lokacin abin bai koma yadda yake ba. Dillalin shinkafa zai ce miki kawo lamba. Ɗanki da ke cirani a Legas ko Ibadan ko Fatakwal zai ce miki kawo lamba. Idan ba ki da taki, ta wani za ki bayar, kuma a nan ne matsala ke farawa.

Bari mu fara da abin da muka sani. Akwatinmu kwaɗo uku gare shi, makullan suna hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a bainar kowa. Masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi, magatakarda ta buga hatimi a littafin kowace. Wannan tsari a ƙasar Maradi ya samo asali, a shekarar 1991, inda ƙungiyar CARE ta fara shi da matan karkara a ƙarƙashin sunan Mata Masu Dubara, daga can ya bazu ƙasashen duniya. Abin da ya sa ya ɗore shi ne mutum ɗaya ba ya iya taɓa kuɗin shi kaɗai.

To asusun waya ma akwati ne, amma makullinsa ɗaya tak, wato lambar sirri. Babu masu ƙirga, babu shaidu. Duk wanda ya haɗa layinki da lambar sirrinki, a wurin kamfani shi ne ke. Cikin minti biyu zai kwashe abin da kika yi wata tara kina tarawa, kina kwance a ɗakinki. Duk ƙa'idojin da zan faɗa yau aikinsu shi ne su tsaya a madadin makullai biyun nan da babu.

Abu na farko ba asusun ba ne, layin waya ne. Inna, layin da ke cikin wayarki, da sunan wa aka yi rajistarsa? Da yawa daga cikinmu yaro ne ya sayo, ko maigida ya bayar da tsohon layinsa. Ana kira ana amsawa, shi ke nan. Amma tun Disamba 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, kuma wanda NIN ɗinsa ke kan layi shi ne mai layi. Ran da wayar ta ɓata ko sim ya lalace, shi kaɗai za a yi wa abin da ake cewa walkam-bak, a maido masa da lambar. Idan yana Fatakwal sai ki jira damina. Idan aure ya mutu, Allah ya kiyaye, layin ya tafi da shi, saƙonnin asusunki kuma suna shiga hannunsa. Ba ina zargin mazanmu ko ɗiyanmu ba ne. Dukiyar mace a Musulunci tata ce, kuma babu laifi ki shawarci maigida, ki nemi izininsa, ya ma raka ki. Amma sunan da ke kan layi ya zama naki, fuskar da aka ɗauka ta zama taki.

Kuma layi yana mutuwa. Idan ya yi wata shida ba a kira, ba a sa kati, kamfani na iya rufe shi, daga baya a sayar wa wani da lambar. Masu ɓoye sim a ƙasan kwalla don kada ya ɓata, ku riƙa fiddo shi kuna sa masa ko katin naira ɗari ne.

Sai lambobi biyu da za a tambaye ki. NIN ta hukumar katin ɗan ƙasa ce, NIMC. BVN ta bankuna ce, an fara ta a 2014, ana ɗaukar zanen yatsu da hoto, kuma mutum guda BVN guda gare shi har ya koma ga Allah, ko bankuna nawa ya shiga. Kowacce lamba goma sha ɗaya ce. Wadda ta manta tata, ta danna *346# don NIN, ko *565*0# don BVN, a kan layin da ta yi rajista da shi. Akwai ɗan kuɗi kaɗan da ake cirewa daga katin waya. A watan Disamba 2023 Babban Banki ya fitar da doka cewa ƙaramin asusu sai da ɗaya daga cikin biyun, manyan asusu kuma sai da duka biyun, kuma daga Maris 2024 asusun da ba a haɗa ba za a hana fitar da kuɗi daga cikinsa. Saboda haka duk wanda ya ce zai buɗe miki asusu ba NIN ba BVN, ko dai da na wani zai buɗe, ko akwai abin da yake ɓoyewa.

Ga wani abu da ke ba mu wahala ƙwarai a nan yankin: suna. A gida ana ce miki Jummai, sunan yanka A'ishatu. A NIN kin ba da sunan mahaifi, a banki kin ba da sunan miji. Shekarar haihuwa kuma ran nan an ƙiyasta talatin da biyar, wancan karon arba'in. Kwamfuta ba ta san ke ɗaya ce ba. Ranar da babban kuɗi ya shigo, ko za a ɗaga darajar asusun, sai a ce bayanai sun saɓa. Kafin ki buɗe komai, ki kawo takardar NIN mu duba tare, duk abin da ke rubuce a kanta shi za a bi harafi da harafi. Shawarata ga 'yan mata da amare: ku tsaya a kan sunan mahaifi, shi ne ba ya canzawa.

Wane asusu za a buɗe? Ni ba wakiliyar kowane kamfani ba ce, kuma ba a biya na in tallata kowa. Waɗanda kuka fi jin sunansu su ne OPay da PalmPay da Moniepoint, sai MoMo na kamfanin MTN da SmartCash na Airtel. Akwai kuma bankunan da muka saba da su, har da waɗanda ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz da TAJ. Mai ƙaramar waya ba a bar ta a baya ba, don akwai lambobin dannawa da ba sa buƙatar data: MoMo *671#, SmartCash *939#, OPay *955#. Mai babbar waya kuma manhaja za ta sauke, daga Play Store kaɗai, ba daga wani adireshi da aka turo ta WhatsApp ba. Ni abu biyu nake dubawa. Wane layi ne ke da sabis mai ƙarfi a ƙauyenku? Wane kamfani ne ke da wakili kusa da ke, wanda yake da shago a tsaye, aka san gidansu? Asusu mai kyau da babu inda za ki cire kuɗinsa sai kin hau mota zuwa Tambuwal bai amfane ki ba.

Akwai tambayar da wata gwaggo ta taɓa yi mini, kuma tambaya ce ta masu hankali: idan kamfanin ya rushe fa? Akwai hukumar gwamnati mai suna NDIC da ke inshorar kuɗin masu ajiya. Tun 2024 tana biyan har naira miliyan 5 ga mai ajiya a babban banki, da miliyan 2 a ƙananan bankuna irin na maikurofainans. An ga aikinta a watan Yuni 2024 lokacin da aka soke lasisin bankin Heritage: da BVN aka bi sawun mutane aka tura musu kuɗinsu a wasu asusun nasu. Amma wannan kariya ta masu lasisin Babban Banki ce kawai, kuma wanda sunansa ke kan asusun shi ake biya. Idan kuɗinki na cikin asusun ƙanen miji, NDIC ba ta san da zamanki ba.

Buɗewar kanta ba ta da wuya. Za a sa lambar wayarki, a turo wasu lambobi ta saƙo a shigar, a sa NIN ko BVN, a manhaja kuma a ɗauki hoton fuska, wani lokaci a ce ki ƙifta ido ko ki juya kai. Da hijabinki za a ɗauka, fuska kawai ake so a buɗe. Wadda ba ta son yin haka a bakin kasuwa ta gaya mini, mu yi shi a cikin gida. A OPay da PalmPay lambar asusunki ita ce lambar wayarki idan aka cire sifirin farko, shi ya sa riƙe ta ke da sauƙi. Ƙaramin asusu na matakin farko yana da iyaka: naira 50,000 a rana, kuma abin da ke ciki ba zai wuce 300,000 ba. Mai sayar da buhunan shinkafa ko ragunan layya ta san da wannan tun wuri, ta ɗaga asusunta kafin ranar ciniki.

Idan wani ne ke taimaka miki, wayarki za a yi amfani da ita ba tasa ba, lambarki za a sa ba tasa ba. Hoto sau ɗaya ko biyu ya isa. Idan kika ga ana ta ɗaukar ki a wayoyi daban-daban ana cewa bai yi ba, ki miƙe ki karɓi takardarki. In an zo wurin zaɓen lambar sirri kuwa, ki karɓi wayar a hannunki, shi ya juya baya. Ba rashin kunya ba ne. Mutumin kirki da kansa zai kau da kai.

A nan zan ɗan daɗe, don nan ne makullin. Lambar sirri yawanci lamba huɗu ce. Kada ki zaɓi 1234, kada ki zaɓi 0000 ko 1111, kada ki zaɓi ƙarshen lambar wayarki, kada ki zaɓi shekarar haihuwar da ke kan takardar NIN. Waɗannan su ɓarawo ke fara gwadawa. Ki nemo lamba daga abin da ke kaɗai kika sani kuma ba za ki manta ba, ki haɗa biyu: misali yawan kwanonin da aka jera miki da yawan awakin da kika fara kiwo da su. Misali na bayar, kada kowa ta ɗauki nawa. Na san wata za ta ce, Malama, ni ban yi boko ba. Inna, ke ce fa kike riƙe bashin mutum goma sha biyar a ka, kin san wadda ta ci mudu uku da wadda ta biya rabi. Lamba huɗu ba za ta gagare ki ba. Alamomin guda goma ne kacal, daga sifiri zuwa tara, kuma wurinsu a kan waya ba ya canzawa. Ki kashe wayar, ki zauna ke kaɗai bayan sallar isha'i, ki yi ta dannawa har yatsa ya haddace. Kada a rubuta ta a bayan katin cirar kuɗi, kada a rubuta a bangon ɗaki, kada a ajiye ta cikin wayar. Idan kika yi kuskure sau biyu ki dakata ki natsu, don yawanci a na uku ake kulle asusun.

Aiken yara shi ne babbar ƙofar da muke barin ta a buɗe. Mace tana cikin gida, ba ta fita, sai ta ba yaro kati ta raɗa masa lamba. Yaron na kirki ne, na yarda. Amma a gaban mai POS zai faɗe ta da ƙarfi, abokansa na tsaye. Yau ya ciro dubu biyar daidai, gobe ya ga ashe ba a ƙirga abin da ya rage, sai ya ƙara ɗari biyar ta data. Mu muka ɗora masa jarrabawar da ta fi ƙarfinsa. Hanyar da ta fi ita ce ki tura kuɗin daga wayarki kina ɗaki zuwa asusun mai POS ɗin da kika sani, yaro ya je ya karɓo tsaba da rasit. Kati da lamba ba su fita gida ba. Idan larura ta sa kin faɗa wa wani lambar, kamar rashin lafiya ko haihuwa, da kin samu sauƙi ki canza ta. Canzawa kyauta ne.

In ke kika je wurin mai POS da kanki, ki faɗi adadin, ki dubi abin da ya rubuta a na'urar kafin ki danna komai. Dubu biyar sifiri uku ne, dubu hamsin sifiri huɗu. Ki ƙirga sifirin da yatsa, ba wanda zai yi miki dariya, in ma an yi ba kuɗinsu ba ne. Ki rufe da gefen hijabi ki danna lambarki. Kada katin ya bar idonki, kuma in an maido miki ki tabbata naki ne, don ana musanya shi da mataccen kati mai kala iri ɗaya. Ki sa wa naki alama, ko ɗigon jan farce ne a gefe. Ki tambayi ladan cirewa kafin a fara. Ban da ladan mai POS akwai naira 50 ta gwamnati a kan turawar da ta kai 10,000 zuwa sama, wannan ba sata ba ce. Wani lokaci na'ura za ta ce bai yi ba, alhali an cire kuɗin. Kada a yi faɗa, kada kuma a sake gwadawa nan take. Ki karɓi rasit ɗin da ya nuna bai yi ba ki adana. Ƙa'idar Babban Banki ita ce a warware irin wannan cikin kwana uku. Idan ba su dawo ba ki kai ƙara wurin kamfanin da asusunki yake, ki karɓi lambar ƙorafi. In an yi mako biyu shiru, akwai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna a Babban Banki, kuma za mu taya ki rubutawa.

Wajen turawa, bayan kin sa lambar asusun mutum sunansa zai fito kafin a nemi lambar sirri. Wannan sunan shi ne shaidarki. A karanta miki shi. Idan kina tura wa dillaliyar Jega sai ga sunan da ba ki taɓa ji ba, ki tsaya ki kira ta. Kuɗin da suka tafi asusun da ba shi ba, dawo da su aiki ne mai tsawo, wani lokaci har sai da takardar kotu.

Yanzu 'yan damfara. Ba su da kama, kuma kada ku zaci baƙin yare ne kawai. Wani Hausarsa ta fi tawa, zai yi miki sallama cikakkiya, ya kira ki Hajiya, ya faɗi sunanki da na mahaifinki daidai. Zai ce daga banki yake, BVN ɗinki ya samu matsala, yau za a rufe asusun in ba a gyara ba, yanzu za ki ga wasu lambobi sun shigo, ki karanto masa. Waɗannan lambobin, da ake kira OTP, su ne izinin shiga asusunki daga wata wayar. Shi ne ya sa aka turo su, yana tsaye a bakin ƙofa yana jira ki miƙo makulli. Babu banki, babu kamfani, babu ma'aikacin gwamnati, babu ma'aikacin ƙungiyarmu, har ni da ke tsaye a gabanku, da ke da hurumin tambayar lambar sirri ko lambar da ta shigo ta saƙo. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da muryata kika ji. Ba sai kin yi masa bayani ba, ba sai kin zage shi ba, kashe wayar kawai.

Dabararsu ɗaya ce a kowane salo: gaggawa. Sunanki ya fito a tallafin gwamnati na naira 25,000, turo dubu biyu na fom kafin la'asar. Ɗanki ya yi haɗari a Legas, ga shi a asibiti ba ya iya magana, turo kuɗin jini yanzu. Na turo miki kuɗi bisa kuskure, don girman Allah maido mini, marayu gare ni. Tallafi na gaskiya ba a sayen sa. Maganar haɗari kuma, ki kashe ki kira ɗanki a lambar da kika sani, ko abokin zamansa. Mai cewa ya yi kuskuren turawa, ki duba asusun da kanki. Idan da gaske kuɗin sun shigo, ba naki ba ne, haram ne ki ci, amma ta hannun kamfani za a mayar, ba zuwa wata sabuwar lamba da ya karanto miki ba. A wurinmu ga doka mai sauƙi: duk maganar kuɗi da ta zo ta waya, sai ta kwana, kuma sai 'yar ƙungiya ɗaya ta ji ta.

Masu sana'a, ku kula da alat na ƙarya. Saƙo rubutu ne, kowa na iya tsara shi. Hoton rasit da mai saye ya nuna miki a wayarsa shi ma ana ƙirƙirar sa. Shaida ɗaya ce: ki shiga asusunki ki ga abin da ke ciki ya ƙaru. In ya ce sabis ne ya riƙe, to akuyar ma sabis ya riƙe ta, ta kwana a turkenta har kuɗi su iso.

Akwai wanda ya fi waɗannan duka haɗari, kuma shi ba ya kama da sata. Mutum zai zo ƙauye ya ce ana rabon tallafi, a kawo NIN a tsaya a ɗauki hoto, ya ba kowa dubu ɗaya ko biyu. Ko wani ya ce ara mini asusunki za a turo mini kuɗi, in sun shigo ga ladanki. Hukumar EFCC ta yi gargaɗi a 2025 a kan masu sayen NIN da BVN na mutane a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Da sunanki za a buɗe asusu, a wuce da kuɗin damfara, ko kuɗin fansar wanda aka sace. Kun san halin da yankinmu ke ciki, ba sai na faɗa ba. Ranar da jami'ai suka bi sawun kuɗin, sunanki da hotonki za su tarar, shi kuwa ya ɓace. Duk wanda ya zo karɓar NIN a garinku, ku tambayi mai unguwa ko hakimi ko da saninsu, ku kuma kira mu. Don wannan halin ne ma nake cewa kada a riƙa faɗin abin da ke cikin asusu, kuma a riƙa goge saƙonnin alat bayan an gani, tunda yara na ɗaukar wayoyinmu, kuma muna kai su wurin caji su wuni a hannun wasu.

Masu cewa kawo dubu goma ta zama ashirin cikin wata ba zan ɓata lokaci a kansu ba. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, gobe wata za ta fito da sabon suna. Haka bashin da manhaja ke tallatawa: ruwa ne da shi mai nauyi, kuma muna da akwatinmu. Wasu manhajojin suna da sashen ajiya da ke ƙara ruwa kullum. Wadda ba ta so ta ce a duba mata a kashe shi tun ranar buɗewa.

Idan waya ta ɓata ko aka sace, kada a tsaya neman ta gida-gida har dare. Ɓarawon yanzu sim yake so fiye da wayar. Asusu ake fara rufewa: kowane kamfani yana da lambar da za a danna ko a kira daga wayar wani a kulle asusun nan take. Bayan haka a rufe layin, sannan ki ɗauki NIN ki je a yi miki walkam-bak. Wannan lambar ta kullewa za mu rubuta wa kowace a bangon baya na littafin adashenta, gwargwadon kamfanin da ta zaɓa. Ita ba sirri ba ce, a bar maigida da yara su san ta. Shi kansa sim ana sa masa tasa lambar, ta yadda in an cire shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Wannan kada kowa ta gwada ita kaɗai, don in aka yi kuskure sau uku sim ɗin ke kullewa. Za mu yi shi tare.

Saura maganar kuɗin ƙungiya, kuma shugabanni ku saurara da kyau. Idan an kusa rabo akwati na yin nauyi, mai ajiyarsa ba ta barci, sai a ce a zuba a asusun shugaba ko na magatakarda. Ban goyi bayan haka ba ko kaɗan, komai amanarta. Kun mayar da makulli uku ya koma ɗaya. In an damfare ta, kuɗin mata ashirin da biyar sun tafi a kira ɗaya. In ta rasu, a takarda kuɗin nata ne, sai sun bi ta hannun magada, kuma za ku sha wahala kafin ku tabbatar da naku. Ga iyakar 300,000 da na faɗa. Ƙungiyar da kuɗinta suka yi yawa ta yi rajista, ta ɗauki takardar rajistar da tsarin mulkinta da bayanin zaman da aka amince, ta buɗe asusu da sunan ƙungiya a banki, da masu sa hannu uku, ba a fitar da ko kwabo sai biyu sun sa. Wayar da alat ke shiga kuma ta kasance a hannun wadda ba ta cikin masu sa hannu, a karanta abin da ke ciki da ƙarfi a kowane zama kamar yadda ake ƙirga na akwati.

Idan 'yar ƙungiya ta yi tafiya tana son turo zubinta ta waya, ana iya karɓa, amma da sharaɗi: a turo ranar zama, a ciro a ranar, tsabar ta shiga faranti a gaban kowa kafin a buga hatimi, ladan cirewa kuma a kanta yake. Ba a buga hatimi a kan an ce an turo.

Kuma kada a kwashe komai a zuba a waya. A watan Satumba 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda matsalar tsaro, mai kuɗi a waya ya zama kamar marar shi. Ko ba a rufe ba, kun san yadda sabis ke ɗaukewa a nan in hadari ya taso. Kuɗin cefane da na magani na kwana biyu su kasance a hannu, asusun taimakon juna kuma ya zauna a akwati, don naƙuda ba ta jiran sabis.

Zama mai zuwa kowace ta zo da wayarta da caji, da takardar NIN, da littafin adashe. Wadda layinta ba da sunanta yake ba ta gaya wa magatakarda yau kafin a tashi, mu san yawanku, mu sa ranar da za a je a gyara gaba ɗaya, kuɗin mota ya yi sauƙi. Wadda ba ta da NIN ita ma a rubuta ta. Za mu zauna bibbiyu, mai iya karatu da wadda ba ta iya ba, kowace ta tura wa abokiyarta naira ɗari, a karanta suna, a duba ta shiga, a maido. Lambar sirri kuwa kowace ta zaɓo tata tun daga gida, ta zo da ita a ka.

Hajiya shugaba, na gama nawa. In akwai tambaya a yi ta yanzu, kafin masu makullai su matso.